Bencin Da Ya Riƙe Baba

Ranar da suka haɗu, matsayar bas ɗin layinsu ba ta da komai sai turke ɗaya da kwata a buɗe. Tana tsaye rana na dukanta, za ta kemis ɗin da take aiki, sai wani saurayi da aka ba aikin yi wa matsayar rumfa ya ɗage gilashin walda daga fuskarsa.

"Malama, don Allah ki ɗan zauna a kan katakon nan. Tsayin benci nake son aunawa."

Ta zauna, ƙafafunta suka tsaya suna lilo a iska. Ita dai Allah bai ba ta tsayi ba, sai ya biya ta da ido da baki.

"Haka nake fama a kowace kujera," ta ce. "Duk masu yin benci dogaye ne, ba su da tausayi."

Ya yi dariya, ya durƙusa can gefe, ya dasa guntun rodi a ƙasa, ya shata alli daidai gwiwarta. Kafin bas ta iso ya karɓi lambarta, wai ko awon zai ɓata.

Da yamma saƙo ya shigo: "Awo bai ɓata ba, mai awon ne ya ɓata. Ki taimaka ki nemo shi."

Ta mayar masa: "Tartsatsi, ka kula da idonka, kar ka ƙone garin surutu."

Tun daga nan sunan ya bi shi, shi kuma yake kiranta Ma'aunina. Rumfa ta tashi, an rufa kwano, an rufe kwatar, an sa fitila mai aiki da hasken rana. Kullum da safe takan zauna a bencin, tafin ƙafarta a ƙasa daram, tana jin kamar ita kaɗai aka yi wa shi.

Babanta ne ya fara ɓata lissafi. Dogo ne, tsohon direba mai ciwon gwiwa. Ya je ya zauna a bencin, tashi ya gagara, sai da mutum biyu suka kama shi a gaban jama'a.

"Wannan ne yake son 'yata?" ya ce da mamanta. "Wanda bai iya auna benci ba, gida zai iya riƙewa? Ga yaron nan direban safe, ni na koya masa tuƙi, ya fi hankali."

Ba a gama da wannan ba, wata safiya ta leƙa ta tagar bas a matsayar kasuwa. Wata doguwar mace ce zaune a sabon benci, kyakkyawa, ta ɗora jaka a cinya. Tartsatsi na durƙushe a gabanta da rodi da alli. Washegari ta sake ganinsu a matsayar asibiti, har matar na nuna masa gwiwarta.

Kishi ya turnuƙe ta, har ta wuce inda take sauka ba ta sani ba. Ashe sana'a ce! Ashe kowace mace ta zauna sai an shata mata alli a karɓi lamba.

Ya rubuto: "Ma'aunina, shiru haka? Ko na yi laifi?"

Ta amsa: "Ka tambayi sabon ma'aunin. Na ga ya fi tsayi."

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Don ta ƙona masa rai ta koma zama a kujerar gaba, kusa da direban safe, tana dariyar da ba ta kai ciki ba duk lokacin da suka wuce inda yake aiki. Shi ma abin ya ci shi, har ya ƙona yatsa.

"Na ga kujerar gaba ta karɓe ki," ya rubuto. "Ƙafarki na taɓa ƙasa a can?"

Ba ta taɓawa. Ta yi kuka a bayan kantar magani, sannan ta share ido ta ce yau sai an yi ta ta ƙare. Ta sauka a matsayar asibiti, ta tarar da su.

"Sannunku da awo," ta ce.

Doguwar ta dube ta daga sama har ƙasa, ta ƙyalƙyale da dariya.

"Ke ce! Wallahi ke ce. Ƙanwata, zo ki zauna."

Ta zauna don kar a ce ta ji tsoro. Ƙafarta ta sauka a ƙasa daram.

"Ni ce injiniyar da ke duba aikin nan," in ji matar. "Tun daga layinku har ƙarshen hanya, ko benci ɗaya bai yi daidai da zane ba. Tsofaffi sun ishe mu da ƙorafi. Na ce ina tef ɗin awonsa, sai ya nuna min rodi mai alli. Shi ya sa nake bin sa matsaya-matsaya, ina zama yana gani da idonsa yadda gwiwata ke neman haɓata."

Tartsatsi ya sunkuyar da kai. "Duk inda na zo yanka ƙarfe, sai in ga kamar ke za ki zauna."

Kunya da daɗi suka rufe ta. Ta ce, "To ai sai ka faɗa min."

"Kin ɗauki waya?"

Ya roƙi injiniya a bar gefe ɗaya ƙasa saboda yara da gajeru, ɗaya gefen a ɗaga a sa masa abin dafawa. Ta yarda. Da ya zo gyaran na layinsu, sai ya je har gida wurin babanta ya durƙusa, ya ce, "Baba, na yi kuskure. Ina roƙon a ara min gwiwarka in auna."

Baba ya harare shi, amma ya bi shi. Da aka gama ya zauna, ya dafa ƙarfen, ya miƙe shi kaɗai. Ya sake zama, ya sake miƙewa.

"Ka turo manyanka," ya ce. "Mai gyara kuskurensa a bakin titi, kowa na kallo, zai gyara na cikin gida."

Direban safe bai yi fushi ba, shi ya kwaso 'yan ɗaurin aure a bas ɗinsa. Baba ya sa musu albarka, ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu tsayin kirki, jama'a suka ce amin suna dariya.

Amarya dai ta kafa sharaɗi ɗaya, ba ta kuma janye ba: ko benci nawa za a ba shi, ba zai sake auna gwiwar wata mace ba. Rodin mai alli yana nan jingine a bayan ƙofar ɗakinta.