Sandar Da Ta Fito A Bushe

Ranar Laraba da hantsi Hajja Itaf ta murɗa famfon tankinta za ta ɗibar wa injin ban ruwa mai, ko ɗigo bai fito ba. Ta sake murɗawa, ta doki tankin da tafin hannu, ya amsa kamar tsohuwar garwa. Ranar Litinin aka cika shi da jan dizal, rabonta na wata guda daga ƙungiyar manoman Bar Ilyas. Ga dankali kadada biyu yana fure, in ya kwana uku ba ruwa an yi asarar shekara.

Kwaɗon famfo na nan a rufe. Murfin sama ma na nan da hatiminsa na darma, wanda ƙungiya ke ɗaurewa da waya duk lokacin da aka zuba mai.

Ustaz Munzir, magatakardan ƙungiya, ya iso da farar riga da jakar takardu. Ya datse hatimin, ya zura sandar awo har ƙasa, ya zaro ta a bushe ƙayau, ya nuna wa mutanen da suka taru.

"Hajja, kin san doka. An rage wa man nan haraji ne don tarakta da injin gona, shi ya sa aka rina shi ja. Wanda ya sayar wa masu motar haya, a soke sunansa. Hatimi lafiya lau, makullin famfo a wuyanki."

"Ni kake kira ɓarauniya? Ni da na ga uwarka tana wanke maka gindi a bakin rafi?"

"Ban kira ki komai ba. Kawo katinki na rabon mai. Gobe bayan la'asar kwamiti zai zauna."

Ya zare katin daga hannunta a gaban jama'a. Mace mai shekara sittin da takwas, wadda ko ƙwayar zaitun ta wani ba ta taɓa tsinka ba.

A ofishin 'yan sanda Saja Hikmat ya saurare ta yana kurɓar gahawa.

"Jiya ina kike?"

"Zahle, asibiti, wajen gwiwata. Kowace Talata, duk garin nan ya sani."

"To wa zan kama, Hajja? Tanki? Kawo min suna da hujja, in zo da ƙafata."

"Sha gahawarka, ɗana. Aikinka zan yi maka."

Ta fara da Wisam, ɗan ƙaninta mai tasi, don ya taɓa riƙe mata makulli. Ta same shi a tasha yana cin burodi da yajin za'atar.

"Buɗe min tankin motarka."

"Haba Goggo! Fetur take sha. In na zuba mata dizal sai dai ke ki tura ni Beirut."

"Buɗe na ce."

Ta sunkuya ta sansana. Fetur ne. Ta gutsuri rabin burodinsa ta wuce.

Sai Abu Nazih, maƙwabcin gonarta, wanda suka yi shekara ashirin suna rigima kan lambatu ɗaya. Yana ƙarƙashin taraktarsa, ƙafafu kawai a waje.

"Fito, tsohon banza. Ina maina?"

"Barka da rana, Umm Rabi'u, bakinki na nan da daɗinsa." Ya fito yana goge hannu. "Nawa rabon ban shanye rabinsa ba, je ki duba. Kuma an ce min tankin naki ƙurmus yake?"

"Sanda ta fito a bushe."

"A bushe? Ni fa na yi waldar famfon nan. Marigayi mijinki ya sa na ɗaga shi taƙi guda daga ƙasa, don ruwan raɓa da tsatsa su kwanta kada su shiga inji. Ko da makulli na zo, sai na bar miki taƙi guda."

Hajja Itaf ta tsaya cak. Fushi ne ya rufe mata ido tun safe, in ba haka ba ita da ta shekara talatin tana ɗiban mai a famfon nan ai ta fi kowa sani. Ta juya ba sallama.

"Ba komai, na yafe!" Abu Nazih ya ɗaga murya a bayanta.

Garejin Mu'allim Hagop na bakin babban titi, duk mai motar dizal a yankin wajensa yake zuwa. Ta zauna kan tsohuwar taya ta miƙe ƙafar da ke ciwo.

"Mu'allim, wace mota aka jawo maka tana tari daga jiya zuwa yau?"

"Hajja, ni idona ya tsufa, ba na bambance ja da kore. Abin da mutum ya zuba wa motarsa tsakaninsa da kwastan ne."

"Ban tambaye ka launi ba. Ruwa na tambaye ka."

Ya tura mata wani bokiti da ƙafa. Mai ja-ja a sama, ruwa mai tsatsa a kwance a ƙasa, ga tsohuwar filta a jiƙe a ciki.

"Farar bas mai kai ma'aikata Shatura. Jiya da yamma ta mutu a kan gada da mutum goma sha huɗu a ciki, saura kaɗan babbar mota ta bi ta kansu. Na ce wa mai ita wanda ya sayar maka da wannan maƙiyinka ne."

"Ta wa ce?"

"A takarda, ta matar magatakardanku ce."

Ranar Alhamis bayan la'asar kwamiti ya zauna a farfajiyar ƙungiya, dattawa biyar a kan kujerun roba, Ustaz Munzir a gefe da alƙalami. Hajja Itaf ta shigo, Wisam na bin ta da bokiti, Saja Hikmat a bayansu. Farar bas na fake a gindin wata bishiya.

Shugaba Abu Kamil ya yi gyaran murya. "Umm Rabi'u, ƙa'ida ita ce..."

"Ƙa'ida ita ce ku yi shiru. Ustaz, da ka zura sanda jiya, yaya ta fito?"

"A bushe. Kowa ya gani."

"Madalla. Ku manoma ne, ban da shi. Wane ne a cikinku famfonsa ke zuƙe tanki har ƙasa?"

Dattawan suka dubi juna. Babu.

"To ba ta famfo aka kwashe ba, ta murfi aka zura tiyo. Murfi kuwa da hatiminsa sabo fil. Duk Bar Ilyas hannun mutum nawa ne ke da abin matse darmar nan?"

Alƙalamin Munzir ya tsaya. "Tsohuwar nan ta ruɗe."

"Na ruɗe. Saja, bismilla."

Saja ya zura siririn tiyo a tankin bas ya tsiyayo mai a kofin shayi, ya ɗaga shi ga rana. Munzir ya yi dariya.

"Ga shi nan, farin dizal na gidan mai. Jiya na cika ta."

Hajja Itaf ta kama gefen farin mayafinta ta tsoma a kofin, ta baza shi a gabansu. Tabon ya fito ruwan hoda, ba mai musu.

"Ko sau goma ka cika ta, rinin nan ba ya barin tanki da wuri. Kowane manomi ya sani, matansu ma sun sani, su ke wankin."

"Ragowar man murhun ɗaki ne na hunturu," in ji Munzir.

"Ko shi ne, a motar titi laifi ne, kuma motar ta zama ta hukuma," Saja ya ce. "Amma man murhu ba ya zuwa da wannan." Ya karkata bokitin, ruwan tsatsa ya malalo kan siminti.

"Ruwana ne," in ji Hajja. "Ya san awo da sanda, bai taɓa tayar da inji ba. Ya ga taƙi guda ya rage, kwaɗayi ya ce masa mai ne, ya zuƙe har da dattin shekara goma. Da ya bar min shi, da yanzu ni ce ɓarauniya."

Munzir ya zauna a ƙasa. Saja ya miƙa hannu. "Makullin mota, da abin matse darma. Tashi mu je."

Abu Kamil ya rubuta 'yan layuka da sauri ya miƙa mata tare da katin. "An wanke ki, Hajja. Ga shi a rubuce."

Ta karɓi katin ta soke a ƙirji, ta mayar masa da takardar.

"Ban yi makaranta ba. Da baki aka ɓata ni a gaban mutane, da baki za a gyara. Tashi tsaye."

Ya tashi. "Hajja Itaf ba ta sayar da mai ba."

"Masu shagon ƙetaren titi ba su ji ba."

Ya faɗa da ƙarfi har tattabaru suka tashi daga rufin.

"Yauwa. Yanzu a kira direban tanka. Ni zan zauna a gaba in nuna masa hanya, dankalina ba zai jira Lahadi ba."