Farar Pijo ta Gidan Labbo

Duk wanda ya zauna Birnin Konni a shekarun da anka buɗe kamfanin siminti na Malbaza ya san Labbo. Mu da munka ga ƙarshensa ba mu son tuna shi, amma gara a ji.

Labbo ɗan dako ne, mutumin Badagishiri. Kullum yana ɗora buhunan siminti bisa motocin wasu, ƙura na cin ƙirjinsa, hassada na cin zuciyarsa. Ran nan ya aje aiki ya nufi wani kwazazzabo bayan Illela, wurin boka Takama.

Bukka ce ƙarƙashin busasshiyar tsamiya. Ciki akwai baƙin tulu, jini ya daskare a bakinsa, gashin kaji ya manne, ga ƙahonin awaki rataye da jan zare. Ko ƙuda ba ya shiga. Takama ya yanka baƙin bunsuru, ya sa Labbo ya tsoma hannuwa cikin jinin, sannan ya kara kunne a bakin tulun.

"Mutanen tulu sun yarda," in ji boka. "Amma mota suke so. Da ribar farko ka sayi sabuwa ka aje musu. Kada ka hau, kada kowa shi hau. Ka riƙa wanke ta, ka zuba mai, ka duba ruwa da iskan taya, ka tashe ta kowace Laraba."

"Shi ke nan, Baba? Ba su son jini?"

"Su ke zaɓen wanda za su ɗauka."

"Motar da ba ta hita, wa za ta ɗauka?"

Takama ya rufe bakin tulun. Labbo ya yi dariya ya ce ya yarda.

Kafin damina ta zagayo, wani attajiri ya ba shi amanar jigilar siminti. Abin da ya taɓa duk sai ya haihu. Ya sayi farar Pijo, ya gina mata ɗaki ya kulle. Manyan motocinsa sunka cika hanyar Konni, ya kwaso danginsa ya zuba cikin gidan bene.

Wata safiya ya buɗe ɗakin ya tarar da injin da ɗumi, jan taɓo a tayoyi, mai ya ragu. Kwaɗon ƙofa kuwa ba a taɓa shi ba. Kafin ya fito sai ya ji kururuwa: ƙanensa Halilu ya faɗi wurin alwala, ba rai. Bayansa mahaifiyarsu ta bi. Sai Saratu, babbar ɗiyarsa, wadda ta kwanta lafiya lau. Duk ranar da anka yi rasuwa, da safe injin na da ɗumi.

Labbo ya zare batir, ya tsiyaye mai, ya sace iskan tayoyi. Motar ta yi ƙura, ɓeraye sunka ci kujeru. Ya ɗauka ya tsira.

Sai matarsa Delu ta tashi da rana tsaka ta ɗaura zane, ta nufi ƙofa ba takalmi.

"Delu, ina za ki?"

"Sun ce motar ta lalace, Alhaji. Sun ce in taho da ƙasa."

Anka ɗaure ta, ta tsinke igiya. Anka kai ta asibiti, ta tsere. Tana tafe tana kuka tana cewa ta gaji, amma ƙafafun ba su tsayawa. A dajin Malbaza makiyaya sunka tsinci gawarta, tafin ƙafa ya cinye har ƙashi.

Labbo ya koma kwazazzabo ya faɗi gaban boka. "Baba, su karɓe dukiyar, su bar mini sauran."

"Ba su maida ciniki," in ji Takama. "Ka gyara musu mota, ko kowa naka shi tahi kamar yadda matarka ta tahi."

Ya dawo yana hawaye ya kira makaniki. Da hannunsa ya wanke ta tas, yana sane da abin da yake yi wa iyalinsa.

Gidan ya ƙare ɗaya bayan ɗaya. Direbobi sunka gudu, motocin sunka watse, benen ya tsage. Mun sha ganinsa a tasha cikin tsumma, yana roƙon mai a kwalba. In an ce masa ai ba sauran wanda za a ɗauka, sai ya dubi ƙafafunsa.

Ranar da anka fasa ɗakin motar, yana zaune a kujerar baya, ya sandare ba rai, injin da ɗumi.

Kai mai gaggawar arziki, ka ji tsoron Allah. Boka ba ya faɗa maka farashi sai ka riga ka tsoma hannu, kuma da mutanen gidanka za a fara biya.