Takarda a Cikin Kwalbar Turare

"Kwalba ɗaya," ta ce. "Ƙarama."

"Biyu," ya ce, bai ko ɗago ba. "Gilashi zan canza miki, sannan in toshe ƙofofin da kika bari a buɗe."

A haka suka shirya: turare kwalba biyu a madadin kuɗin gyaran wayarta. Shi mai gyaran waya ne a bakin kasuwa, ita kuma turare take haɗawa a ɗakinta, ta sayar ta shafinta na intanet. Ba shago, ba ma'aikaci. Shafin nan shi ne shagon, shekara huɗu tana tara masu saye a cikinsa.

"Kalmar sirrinki ranar haihuwarki ce, ko?"

Ta dube shi da sauri. "Wa ya gaya maka?"

"Ba kowa. Rabin masu zama a bencin nan haka suke."

Ya juya mata baya har ta canza. Ya sa ta kwafe lambobin ko-ta-kwana a takarda, waɗanda ake buɗe shafi da su in ya kulle.

"Ɓoye ta nesa da waya. Kuma duk lambar da aka turo miki, kar ki karanta wa kowa. Ko ni ne."

A gabansa ta naɗe takardar ta cusa a wata kwalbar turare da ta ƙare. Abu ɗaya ya rage: da layin Babanta ta buɗe shafin tun ba ta da waya. Ya ce ta canza. Ta ce gobe.

Goben nan ta kai wata biyar. A tsakani kuwa saƙonni sun yi ta kaiwa da komowa.

"Ƙamshina, turaren nan ya hana ni aiki. Na ɗaura wa wani batir a juye."

"Likitan waya, ai kai ka ce biyu. Sai ka yi haƙuri."

Ta kasa zama wuri ɗaya. Ta auna turare ta manta me ta zuba, ta duba waya, ta ajiye, ta sake dubawa. Da ta gaya wa Baba shi take so, tsohon direba ne mai kafiya, sai ya ɗaure fuska.

"Wanda sana'arsa leƙa cikin wayoyin mutane? Ban yarda ba."

Wata safiya shafin ya ƙi buɗuwa. Kafin ta gama mamaki wata mai saye ta kira: "Da gaske kin karya farashi rabi? An ce a fara tura kuɗi kafin a kawo kaya."

Wani ne a cikin shagonta, yana ciniki da sunanta.

"Ai ga shi nan!" in ji Baba. "Mutumin naki ne. Ɗazu ya kira ni, ya ce shi ne mai gyaran wayarki, an turo wata lamba a layina. Na karanta masa."

Ta yi tsakar gida ta dawo ɗaki, ta sake fita. Ta rubuta wa mai gyaran: "Ashe abin da kake so ke nan?"

Amsa ta zo nan take: "Ki zo da kwalbar. Ki zo da Baba."

Suka same shi tsaye, idonsa ja. Ya gaida Baba har ƙasa.

Baba ya yi turus. "Sake magana in ji."

"Ina kwana, Baba."

"Ba wannan muryar ba ce," Baba ya faɗa a hankali. "Wancan kamar mai mura."

Mai gyaran ya nuna musu yadda aka yi. Layin Baba na nan a tsohuwar tallarta, ga kuma inda ta rubuta wa duniya godiya ga mai gyaran wayarta. Ɓarawon haɗawa kawai ya yi.

Takardar ta ƙi fita daga kwalbar, sai da ya zaro ta da ɗan hantsakin gyara. Ya miƙa mata wayar ya juya baya, kamar ranar farko. Lambar farko ta yi kuskuren bugawa. Ta biyu ta buɗe. Ta kori baƙon, ta canza layi, ta gargaɗi masu saye kafin kowa ya tura komai.

"Ka yafe min," ta ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Na ce ko ni ne kar ki yarda, Ƙamshina. Ai kin ji magana. Sai dai zargin ya yi zafi."

Baba ya daɗe yana juya 'yar wayarsa. Can ya ajiye ta a teburin.

"Toshe min tawa ƙofar. In ka gama, ka turo manyanka."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Baba da bakinsa ya sa albarka: Allah ya ba su zaman lafiya, ya tsare musu sirrinsu da sana'arsu. Kowa ya ce amin.

In ana maganar wa ya ci, wa ya faɗi: ɓarawo ya tashi da asarar katin waya, amarya ta tsira da shagonta, Baba ya rasa gardama ya samu suruki. Shi kuwa ango, da aka yi ta ja da shi a kan kwalba biyu, ya tafi da mai turaren gaba ɗaya.