Na'urar Da Ta Fi Tasalla Ladabi

Ɗan gilashin da ke gaban idon Tasalla ya kawo koren haske, alamar layi ya buɗe. Ta bi haruffan da ke cikinsa da ƙwayar ido, tana tsintar su ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Kafin ƙiftawa uku saƙo ya haɗu, ya bi iska ya nufi arewa, inda zai fita da murya a kunnen mutumin da ke nesa da ita da kilomita dubu.

Ɗan'aike ake kiran na'urar, kuma a shekarar 2091 ba abin da ake yayi a birnin Tafkin Rana kamarta. A da, mai lalurar magana allon haruffa yake amfani da shi, yana nunawa da yatsa, sai kuma wanda ke gabansa ne kawai zai gane. Ɗan'aike kuwa motsin ido yake karantawa, ya tura rubutun zuwa wata cibiya, cibiyar ta sa masa murya ta isar. Mai aikawa rubutunsa yake gani, mai karɓa murya yake ji.

Shekara bakwai ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa Tasalla magana. Maganar kawai ta ɗauke, tsiyar tana nan daram. Daga kan kekenta take zana wa injinan masaƙa adon atamfa da ido, kuma tun da ta sami Ɗan'aike wata biyu da suka wuce, mutum ɗaya ta sa a gaba: Sallau, ɗan kawunta, taubashinta, mai kula da injinan tatsar ruwa daga iska a bakin Sahara.

Tun suna yara ba su taɓa gaisawa ba tare da zagin wasa ba, haka taubasantaka ta gada. Lokacin da ciwo ya kwantar da ita, kowa ya koma yi mata magana ƙasa-ƙasa kamar a gidan makoki. Sallau ne kaɗai ya shigo asibiti ya dube ta ya ce, "Alhamdu lillahi, gari ya huta da bakinki." Ranar ta yi dariya har da hawaye, kuma ranar ta yarda ba ta mutu ba.

Yau ga abin da ta rubuta masa: "Kai mai kunnen faranti, har yanzu kana cinye abincin ma'aikata?"

Amsa ta dawo da muryarsa a sanyaye. "Lafiya lau, Hajiya. Na gode ƙwarai. Allah ya bar zumunci."

Hajiya! Wannan ne karo na goma da ya kira ta haka. Ta ƙara wa zagin yaji, ta tono masa ranar da akuya ta kore shi yana ɗan shekara tara. Ya sake yin godiya. Bayan mako guda ma ya daina ɗaukar kiranta. Abin ya yi mata ciwo sosai, don ta ɗauka shi ma ya shiga sahun masu tausayinta, kuma idan Sallau ya fara tausayinta, ba ta da sauran wanda zai ɗauke ta mutum cikakkiya.

Ran Asabar da hantsi aka yi sallama. Ƙofa ta zuge kanta, sai ga Sallau cikin babbar riga mai aiki, da ƙullin goro a hannu, ko ƙurar jirgin ƙasa mai maganaɗisu bai kakkaɓe ba. Ya cire takalmi, ya durƙusa a gaban kekenta, kansa a ƙasa.

"Yaya Tasalla, ban haƙuri na zo. Ban san laifin da na yi ba, amma ko mene ne, don Allah ki yafe mini."

Ta ƙura masa ido. Sannan ta jawo tsohon allonta da ke rataye a gefen keke, ta shiga nuna haruffa da yatsan hagu. Ya bi su yana karantawa a fili: "Wa… ya ara maka riga? Ka yi kama da buhun gero."

Sallau ya zube zaune a ƙasa, ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗi. "Wallahi ita ce! To ke, wata biyu kina ce mini ranka ya daɗe, me kike so in ɗauka? Na ce shi ke nan, Tasalla ta yanke ni daga dangi."

Ya taɓa abin kunnensa ya kunna mata saƙonta na ƙarshe. Wata murya mai laushi irin ta masu karanta labarai ta cika ɗakin: "Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da girmamawa. Na tuna yadda kake son dabbobi tun kana ƙarami."

Tasalla ta ji kamar ta jefar da gilashin ta taga. Nan take ta kira cibiyar. Hoton wata mata ya tsaya a tsakiyar ɗakin, ta ce sunanta Injiniya Barira, ita ce shugabar sashen murya. Tasalla ta rubuta mata: "Na'urarku maƙaryaciya ce."

Barira ta yi murmushi. "Mu ne da godiya, Mama. Allah ya ƙara lafiya."

"Ba godiya ta yi ba!" in ji Sallau. "Cewa ta yi na'urarku maƙaryaciya ce. Ga shi nan a gilashinta."

Sai da aka yi ta maimaitawa kafin Barira ta gane. Ta yi bayani cewa a cikin cibiyar akwai wani sashe da suka sa wa suna Matatar Ladabi. Masu ƙirar sun ji tsoron kada ido ya zame ya aika kalma mai zafi bisa kuskure, sai suka koya wa injin ya tace duk maganar da ke da kaushi, ya mai da ita mai daɗin ji. "Ba mu so a ɓata wa kowa rai ne," in ji ta.

Yatsan Tasalla ya hau allo, Sallau ya zama mai fassara, yana jin daɗin aikin fiye da kima. "Ta ce wa ya aike ku? Ta ce baki ta nema, ba malamin tarbiyya ba. Ta ce idan za ta ɓata wa mutum rai, a bar ta ta ɓata da kanta, ta iya."

Barira ta danna wani abu a gefenta. "Na kashe miki matatar, Mama. Gwada."

Gilashi ya kawo kore. A kunnen Sallau murya ta fito, ya buɗe ta kowa ya ji: "Ajiye goron, mai kunnen faranti. Shi nake maraba da shi, kai kuwa ga ƙofa can."

Sallau ya ɗaga hannu sama yana hamdala kamar wanda aka yi wa albishir da haihuwa. Tasalla tana dariya kafaɗunta na rawa. Sai can ta lura Barira ba ta dariya, ta zauna a kan kujerarta ta dafe kai.

"Mama," in ji ta a hankali, "mutum dubu arba'in ne ke amfani da Ɗan'aike. Shekara biyu muna tambayarsu ko akwai abin da ke damunsu da shi, kuma ta cikinsa suke ba mu amsa. Ba mu taɓa samun ƙorafi ko ɗaya ba. Kullum godiya. Har lambar yabo aka ba mu saboda haka."

Tasalla ta daɗe tana kallon matar, ta ga yarinya ce mai kyakkyawar niyya, ta rasa tsiyar da za ta yi mata. Sai ta kai ido kan haruffa, muryar ta fita ba ragi ba ƙari.

"To 'yata, kashe wa kowa. Ki samo kujera mai ƙarfi ki zauna, sannan ki sake tambayarsu."