Kwalbar da Ta Sake Launi

A kasuwar Tamaske Shafi'u ya fara ganin Nasiba, tana kasa albasa a rumfar mahaifiyarta. Bai daɗe da dawowa daga Abijan ba. Ya sayi albasar da ba ya buƙata, ya zagayo ya ƙara, har 'yan rumfar kusa suka fara tari da gangan. Ita kuwa da ya dube ta sai ta ja mayafi ta rufe kuncinta, inda ƙuraje suka bar mata tabo.

Magana ta kai ga manya, saura sa rana, sai ya kawo mata wata 'yar kwalba mai ruwa garai-garai.

"Bitamin C na, Nasina. Ki ɗiga kaɗan ga huska da sahe, kuma ki ɓoye shi daga rana."

Ta karɓa da murmushi, amma zuciyarta ta sosu. Biba, maƙwabciyarsu da ta daɗe tana yi wa Shafi'u kwalliya a banza, ta zuga ta.

"Man hwari na! Wanda ya saba da hwararen Abijan, mi zai yi da baƙa irinki?"

Nasiba ta dangwarar da kwalbar a taga, ta daina ɗaukar wayarsa. Rana ta yi ta dukan kwalbar har ruwan ya koma ja kamar shayi. Inna Fatsima, mahaifiyarta, ta gani ta dafe ƙirji.

"Ruwan da ka sake kama da kainai? Sammu na! Shi ya sa ɗiyata ba ta cin tuwo!"

A ranar mahaifin Nasiba ya aika a dakatar da maganar aure. Nasiba ta yi kuka sosai, don duk da zargin tana son sa. Ta ɗaure kwalbar a gefen zane ta shiga mota ta tafi wurin ƙawarta Dinatu, mai aiki a ɗakin magani na asibitin mishan. Dinatu ta ɗaga kwalbar ta kwashe da dariya.

"Rana ta kashe shi, hakanan yaka yi. Ba man hwari ba na, tabo yaka ragewa. Amma dalilin da ya sa ya ba ki, wanga shi za ki tambaya."

A motar komawa ta rubuta masa: "Faɗa min gaskiya. Baƙina ne ba ka so?"

Amsa ta zo kafin ta mayar da wayar jaka: "Nasina, baƙinki na gani na rasa hanyar gida. Tabon bai taɓa damuna ba, ke yake damu. Na gaji da hira da rabin fuskarki."

Ta karanta, ta sake karantawa, kunya da daɗi suka rufe ta.

Inna Fatsima dai ba ta sauka da sauƙi ba. Ta ce Shafi'u ya kawo sabuwar kwalba, kullum da safe ya zo ƙofar gida ya shafa a fuskarsa tana kallo.

"In sammu na, shi kama ka. In man hwari na, gari dut shi gani."

Haka Shafi'u ya yi ta durƙusawa yana shafe kumatu, mata masu tafiya rijiya suna shan dariya. Wata ya ƙare, bai yi fari ba, bai haukace ba, sai wani sheƙi da ya ƙara. Inna ta ƙare masa kallo, ta shige ciki ta ce a sa rana.

Bayan girbi aka ɗaura aure. Da za a kai amarya, Inna Fatsima ta kama hannun Nasiba ta sa a na Shafi'u.

"Na zarge ka, ɗana, ka yi haƙuri. Baƙa na haihe ta, baƙa na ba ka, haka nika son in riƙa ganinta. Allah shi yi muku albarka."

"Amin, Inna," in ji Shafi'u. "Haka na roƙe ta wurin Allah."