Tabon Hannun Shiru-shiru

Mahaifiyar Auta nas ce. Kullum da safe takan ɗauki jakar magani ta tafi sansanin 'yan gudun hijira da ke bayan gari. Tana wanke ciwo, tana yi wa jarirai allura. Wata uku ta yi tana sintiri ofishin shugaban makarantar su Auta, har ya yarda ya ɗauki yara goma sha biyu daga sansanin.

Aka kai ɗaya daga cikinsu ajin su Auta. Ba ta cika magana ba, sai yara suka sa mata suna Shiru-shiru. Akwai wani babban tabo a hannunta na dama.

Auta ba ta son ta. A ganinta, irin su ne suka ƙwace mata uwa.

Wata rana da aka fita hutu, Shiru-shiru ta ɗauki kofi za ta sha ruwa. Auta ta ɗaga murya ta ce, "Kada wanda ya ƙara taɓa kofin nan! Cuta ce a hannunta. Ummata ce ta faɗa."

Ƙarya ce. Amma wa zai musa wa 'yar nas? Yara suka watse. Shiru-shiru ta ajiye kofin a hankali, ko kurɓa ba ta yi ba. Washegari ba ta zo makaranta ba.

Bayan kwana uku, Umma ta dawo gida da la'asar. Ta zauna a bakin gado, ko takalmi ba ta cire ba.

"Umma, lafiya?" in ji Auta.

"Iyaye sun yi wa shugaban makarantarku ca. Za a kori yaran nan duka. Wai ni na ce suna da cuta. Ni!"

Auta ba ta taɓa ganin hawayen Umma ba sai ranar.

"Umma, ni ce na faɗa," in ji Auta. "Haushi nake ji, kullum kina wurinsu."

Umma ta ce, "Tashi mu je."

A sansanin, mata sun yi layi da jarkoki a bakin famfo ɗaya tak. Daga nesa suka hango Shiru-shiru a ƙofar tanti, tana ba wani ƙaramin yaro abinci a baki.

Umma ta ce, "Ƙanenta ne. Ranar da aka sa wa gidansu wuta, ta koma ciki ta ɗauko shi. A nan ta ƙone. Iyayensu ba su fito ba."

Auta ta fashe da kuka. Ta je ta durƙusa a gaban yarinyar.

"Don Allah ki yafe mini. Sharri na yi miki."

Shiru-shiru ta tambaya a hankali, "An ba wata kujerata?"

"A'a. Tana nan."

Washegari Auta ta tsaya a gaban dukan ɗalibai, ta faɗi gaskiya. Umma kuma ta yi wa iyaye bayani, har wasu suka sunkuyar da kai. Yaran goma sha biyu suka ci gaba da karatu.

A hanyar gida Umma ta riƙe hannun Auta, ta ce, "Ni ma na ji kukanki, 'yata. Amma ki riƙe wannan: wanda ya rasa gidansa bai rasa mutuncinsa ba. Kada harshenki ya ƙara masa ciwo."