Shafin da Ba Shi da Ado

A kan tudun bayan Ibohamane Mukhtar ya fara ganinta. Nan kaɗai waya ke kamawa sosai, shi ya sa kullum yake hawa da tsohuwar kwamfutarsa. Ita kuwa daga lambu ta fito, da kwandon tumatir a ka.

"Malam, aljanun tudun ga kaka koya ma karatu?"

Ya ɗago. Da ƙyar ya ce, "Shafin intanet nika ginawa, irin wanda kika buɗewa ga waya."

"To gina mini mai buɗewa. Tawa wayar sai zagaye takai kamar akuya a turke."

Sunanta Fiddausiya. Kafin wata biyu ta raɗa masa Na-Tudu, shi kuma ba ya iya cin tuwo sai ya ga saƙonta.

Da ya je neman aurenta, mahaifinta, Malam Arzika, bai ɓoye masa komai ba. Hamani mai motocin albasa a Madawa ya riga ya aiko.

"Ban ƙi ka ba, ɗana. Amma shekara bakwai kana danna abin ga, ban ga ya haihu ba. Kawo takardar aiki kahin a cire albasa."

Ganawar farko da wani kamfani na Yamai, ana tsakiyar tambaya waya ta ɗauke. Ta biyu, batir ya mutu saura layi goma ya gama aikin gwajin. Ta uku sai ya tafi Madawa, gidan wani abokinsa mai lantarki. Yana hanya saƙonta ya same shi:

"Na-Tudu, ka ci abinci kahin tes ɗin. Ko mi yaf faru, ni taka ce."

Awa uku aka ba shi ya gina shafin sayar da takalma, da manyan hotuna masu motsi. Mukhtar kuwa tudu ne ya koya masa aiki, a wurinsa hoto kaya ne mai nauyi. Ya matse hotunan suka koma ƙanana, ya cire motsin gaba ɗaya. Shafin na buɗewa kafin ƙiftawar ido, har alfahari ya ji.

Matar da ke tantance shi ta duba ta sake dubawa.

"Ina adon da muka ce ka sa?"

"Na rage shi, madam, don ya buɗe ko a ƙauye."

"Masu sayen takalmanmu ba a ƙauye suke ba."

Shi ke nan. Kwana huɗu kunya ta hana shi kiran Fiddausiya, ita kuwa ta fassara shirun yadda ta ga dama.

"Ka samu aiki ka manta da 'yar lambu ko? Allah shi ba da sa'a."

Ya karanta, zuciyarsa ta karye. Ya amsa: "Fiddo, na hwaɗi. Ban da abin da zan kawo ma baba."

"To kawo kanka."

Ana cire albasa ya je ya durƙusa gaban Malam Arzika hannu biyu wayam, ya faɗi gaskiya. Tsohon ya ce:

"Ɗiyata ta ce in ba kai ba, ta zauna hakanan, kuma na san taurin kanta. Na ba ka. Amma ba ta cin jira. Lambuna na kwari na son mai ƙarhi. Ka aje na'urar nan, ka ɗauki kwasar noma."

Mukhtar ya so ya ce a ƙara masa wata shida. Sai ya ji motsin Fiddausiya a bayan danga.

"Na aje, baba."

Ranar ɗaurin aure liman ya shafa fatiha, aka yi ta addu'ar zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Sanƙira ya miƙe ya rangaɗa, "An ɗaura auren Fiddausiya da Mukhtar mai lambu!"

Hawaye suka zubo masa. Jama'a suka ce dubi ango, murna ta yi masa yawa. Rabin maganarsu gaskiya ce. Ya share fuska da hannun riga, ya ce amin tare da kowa.